Gyaran kai-tsaye a wiki: ƙorafin da aka ƙi saurara a Legas

Wikin ma'aikata na kamfanin dakon kayan da na bari a Legas, wato shafukan intanet da kowane ma'aikaci zai iya gyarawa, an gina shi ne a kan MediaWiki, manhajar da Wikipedia ke gudana a kanta. A ciki ake ajiye ƙa'idojin lodi, kuɗin dako, lambobin motoci da wuraren sauke kaya, tun daga Mile 12 har Apapa. Mafi yawan masu rubutu a cikinsa Hausawa ne, wakilai da malaman tasha, kuma da waya suke aiki, ba kwamfuta ba. Da aka tashi sauƙaƙa musu aiki sai aka kawo gyaran kai-tsaye: maimakon mutum ya danna "Gyara" a kai shi wani shafi mai akwatin rubutu, sai kawai ya taɓa sakin layin da yake so, ya buɗe a inda yake, ya rubuta. Tunanin ba shi da aibu. Abin da ya lalata shi shawara ɗaya ce da aka yanko daga sama, aka kuma toshe kunne ga duk wanda ya yi magana a kanta.

Shawarar ita ce kada a sa maɓallin adanawa ko kaɗan. Da zarar yatsa ya taɓa wani wuri a wajen akwatin, manhajar ta adana abin da ke ciki da kanta. Shugaban sashe ya saba da irin wannan a kwamfutarsa ta ofis a Ikeja, inda akwai linzami, babban sikirin da intanet ɗin da ba ya yankewa, sai ya ɗauka haka abin zai kasance a hannun kowa. Aka kunna wa kowa rana ɗaya, aka cire tsohuwar hanyar gyara daga saman shafi.

A waya, yatsan da ke gungura shafi shi ne kuma ke danna abu. Mai neman lambar mota a ƙasan shafi yana jan yatsa, ya ɗan tsaya, wayar ta ɗauka taɓawa ce, sakin layi ya buɗe, kibod ya taso ya cinye kusan rabin fuskar wayar, shafin ya yi tsalle. Cikin ƙoƙarin rufe kibod ɗin sai ɗan yatsa ya bugi harafi ɗaya, ya taɓa waje, an adana. Mutumin karatu ya zo yi, ya tafi ya bar "g" a tsakiyar lambar mota bai sani ba. Wanda kuma da niyyar gyara ya shigo, nasa ya fi muni. Burauza kan ɗauka an bar akwatin idan kira ya shigo, ko idan mutum ya leƙa WhatsApp don kwafo adadi. Wakilin da ke rubuta kuɗin dako 450,000, aka kira shi bayan ya buga 45, to 45 ɗin nan ce za ta zauna a shafi, kuma ita malamin tasha a Agege zai gani idan ya buɗe a wannan lokacin.

Sai maganar sabis. Tsakanin rumfunan kwano a Mile 12 ko cikin layin tireloli a Apapa, saƙo kan ɗauki daƙiƙu da yawa kafin ya isa sabar, wato kwamfutar da ke ajiye wikin, wani lokaci ma ba ya isa. Manhajar ba ta nuna komai: akwatin ya rufe, sabon rubutun yana kan fuskar waya kamar ya shiga, alhali a cikin wayar kaɗai yake. Mutum ya sabunta shafi, tsohon rubutu ya dawo. Masana sun daɗe da kafa ma'auni a kan wannan: abin da ya amsa cikin kashi ɗaya bisa goma na daƙiƙa ana jinsa nan take, daƙiƙa ɗaya ba ta katse tunani, amma idan aka doshi daƙiƙa 10 ba tare da wata alama ba hankalin mutum ya bar wurin. Ƙananan wayoyin Tecno da itel masu ƙaramar ma'ajiya kuma sukan kashe shafin burauza idan an buɗe wata manhaja mai nauyi, rubutun da ba a adana ba ya tafi ke nan.

Duk wannan an faɗa tun makon farko, sai dai ba da kalmomin injiniya aka faɗa ba. Saƙonnin murya ne suka riƙa shigowa. Wani ya ce, "Malam, abin nan yana cinye mini rubutu." Wani ya ce, "Wallahi ban taɓa komai ba, ga sunana a kai." Wani dattijo cewa ya yi, "Yaro, ni yanzu tsoron buɗe shi nake yi." Kowace jimla a nan rahoto ne cikakke ga mai son ji. Ta farko tana nuna adanawar da ta faɗi ba tare da sanarwa ba. Ta biyu tana nuna gyaran kuskure daga gungurawa, wanda tarihin shafi ya rataya wa mutum. Ta uku ita ce mafi tsada, domin tana nufin mutumin da ya fi kowa sanin hanyoyin Arewa ya daina ba wikin iliminsa. Amsar da ta fito daga sama ita ce mutanen ba su waye da fasaha ba, a shirya musu bita. Har yau wannan magana tana ci mini rai. Mutanen da ke tura kuɗi ta waya kullum, suna daidaita lodin tumatir da albasa tsakanin Kano da Legas ta saƙon murya, ba su ne za a ce danna waya ya gagare su ba.

Abin da ya ƙarfafa wa shugaban gwiwa shi ne alƙaluma. Yawan gyare-gyare ya tashi sama, aka sa shi a rahoton wata a matsayin nasara. Dole ya tashi, tunda kowace fita daga akwati bugu ne sabo a tarihin shafi. Gyaran da a da bugu ɗaya ne mai ɗauke da taƙaitaccen bayani, yanzu ya zama huɗu ko biyar, babu ko ɗaya mai bayani, domin an cire gurbin rubuta dalili tare da maɓallin. Shafin sauye-sauyen baya-bayan nan, wanda masu sa ido ke dubawa kowace safiya, ya cika da tarkace har suka daina dubawa. Ƙidayar gyara a irin wannan hali kamar ƙirga buhuna ne ba a duba abin da ke ciki ba. Abin da ya kamata a auna shi ne: gyare-gyare nawa aka mayar baya cikin awa ɗaya, nawa ne sauyinsu bai wuce harafi ɗaya ko biyu ba, sau nawa aka buɗe akwati aka fita ba a kammala ba, kuma su wa suke gyara a watan jiya da ba su yi ba a wannan watan. Na ƙarshen nan ba ya zuwa ta fom ɗin ƙorafi. Wanda ya haƙura ba ya rubuto komai.

Ba mu ne farkon shiga wannan rami ba. A watan Yulin 2013 gidauniyar Wikimedia ta kunna VisualEditor, sabuwar manhajar gyara shafi yadda yake bayyana, ga masu gyaran Wikipedia ta Turanci ba tare da sun nema ba. Ƙorafi ya yi yawa a kan nauyinsa da yadda yake ɓata rubutun da ba a taɓa ba, kuma kafin Satumba ya ƙare an mayar da shi sai wanda ya zaɓa. Manhajar ta gyaru daga baya, amma amincewar mutane ta daɗe ba ta dawo ba. Wannan tarihi a buɗe yake ga duk mai aiki da MediaWiki. Ita kanta MediaWiki tana da zaɓin buɗe gyara da danna shafi sau biyu, amma a kashe yake zuwa, sai mai so ya kunna wa kansa.

Yadda ake karɓar ra'ayi shi ma yana da nasa tarko, musamman a tsakaninmu. Idan wanda ya gina abu ya miƙa wa Bahaushe waya ya ce "ya ka gani?", amsar ita ce "ya yi kyau, Allah ya ƙara basira". Kara ba za ta bari ya kushe aikinka a gabanka ba, balle idan oga yana tsaye. Don haka ba a tambayar ra'ayi, aiki ake bayarwa: ga shafin Mile 12, canza kuɗin dakon Funtuwa, ƙara lambar sabuwar mota, sannan ka tabbatar mini ya shiga. Sai mai gwaji ya yi shiru ya kalli yatsa. Inda mutum ya tsaya, inda ya danna sau biyu, inda ya ɗago kai ya dube ka, nan matsalar take. A yi shi da wayar mutumin, da datarsa, a wurin aikinsa, cikin rana da hayaniya, kuma da Hausa. Jakob Nielsen, masanin sauƙin amfani da manhaja, ya nuna tun 2000 cewa mutum biyar sun isa su tono mafi yawan matsalolin da ke cikin tsari ɗaya, kusan kashi 85 cikin 100, muddin iri ɗaya ne masu amfanin. A nan iri biyu ne, masu waya a tasha da masu kwamfuta a ofis, saboda haka kowane rukuni da nasa biyar. Tambayoyi goma na SUS, ma'aunin sauƙin amfani da manhaja da John Brooke ya tsara a 1986, suna da amfani, amma rabinsu a juye suke, yarda da su na nufin abin bai yi ba. Idan aka karanta su da baki cikin gaggawa, mutane kan amsa "e" ga duka, sakamakon ya zama ba shi da ma'ana.

Gyaran da ake buƙata ba mai yawa ba ne. Taɓa rubutu kada ya buɗe komai. A sa alamar fensir a gefen kowane sashe, girmanta kada ya gaza ma'aunin 48 da Google ke ba da shawara ga Android, ko 44 na Apple. Idan akwati ya buɗe, launin bayansa ya sauya yadda ko a rana za a gane an shiga gyara. "Adana" da "Fasa" su zauna a saman akwatin, domin abin da ke ƙasa kibod ke rufewa. Fita daga akwati ya ajiye daftari a cikin wayar kaɗai, kada ya aika komai. Bayan danna "Adana" maɓallin ya daskare, a rubuta "ana aikawa", kuma kada a ce "an adana" sai sabar ta dawo da lambar sabon bugu. Idan ta faɗi, rubutun ya tsaya a akwatin tare da "bai shiga ba, sake gwadawa". Gurbin dalili ya dawo, ko da zaɓi uku ne na dannawa: gyaran kuskure, sabon farashi, ƙarin bayani.

Karon gyara, wato mutum biyu su gyara shafi ɗaya a lokaci guda, yana buƙatar kulawa ta musamman. MediaWiki da lamba take gane sashe, na ɗaya, na biyu, na uku. Idan wani ya cusa sabon sashe a sama yayin da kake rubutu, na ukunka ya zama na huɗu. Dole kowace aikawa ta tafi da lambar bugun da aka fara gyara a kansa, don sabar ta gane shafin ya motsa, ta haɗa gyaran biyu idan ba layi ɗaya suka taɓa ba, ko ta nuna wa mutum nasa da na ɗan'uwansa. Manhajar da ba ta aika wannan lamba ba, na ƙarshe ne ke shafe na farko, ba wanda zai sani. DokuWiki, wata manhajar wiki, kulle shafin take yi na minti 15, amma a inda sabis ke ɗaukewa kullen kan bar shafi a rufe alhali mai shi ya tafi.

Rubutun Hausa yana da nasa rigima da wiki. A rubutun wiki, alamar ɗauri biyu a jere na nufin rubutun gicciye, uku na nufin mai kauri. Kalma irin 'yan ko 'ya'ya da alamar take farawa, don haka idan aka gicciye ta sai alamomin su zama uku. In kalma ɗaya ce a layi, MediaWiki kan yi hasashe daidai. In biyu ne, abin da ke tsakaninsu ya rikice. A gwada wannan kafin a saki kowace manhajar gyara. A gwada ƙ, ɗ da ɓ a kibod daban-daban, domin wasu na rubuta k', wasu k zalla, sai a wayi gari da shafi biyu na Ƙofar Ruwa. Kada a dogara da lambar maɓalli wajen gane abin da aka buga a Android, yawancin kibod ɗinsa 229 suke turowa ga kowane harafi. Jadawali da samfuri a bar su a tsohon akwatin gyara har sai an gwada su daban. A fara kunna sabon tsari ga tasha ɗaya, da hanyar kashewa a fili. Mahaɗin tsohuwar hanyar gyara kuma ya zauna a kowane shafi, saboda masu Opera Mini a yanayin tsimin data ba za su iya buɗe sabuwar ba.