Yadda na tsara abincin Ranar Godiya a gidanmu na Minneapolis

Alhamis ta huɗu a watan Nuwamba ita ce Ranar Godiya a Amurka. Shugaba Abraham Lincoln ne ya ayyana ta ga ƙasa baki ɗaya a 1863, majalisar dokoki kuma ta tsayar da ita a kan Alhamis ta huɗu a 1941. Amfaninta a wurinmu da muke zaune a Minneapolis shi ne makarantu da yawancin ma'aikatu suna rufewa lokaci guda, don haka dangi kan haɗu ba tare da wani ya nemi izini a wurin aiki ba, damar da ko ranar Sallah ba kullum muke samun ta ba. Abincin ranar kuwa sananne ne: gasasshen talotalo guda a tsakiyar tebur, da sauran kwanuka kewaye da shi. Da karɓar baƙi ta faɗo gidanmu a bara, ni ce na ɗauki nauyin tsara abin da za a ci, kuma a can na gane cewa oben ɗaya da firji ɗaya su ne ke yanke hukuncin abin da zai hau tebur, komai tsawon jerin da uwargida ta rubuta a takarda.

Kafin in rubuta sunan abinci ko ɗaya, sunayen mutane na fara rubutawa. Mu 14 ne har da yara, kuma bakinmu ba ɗaya ba ne. Akwai yaran da aka haifa a nan, waɗanda ke jin labarin abincin ranar a makaranta, kuma suna so su ga markaɗaɗɗen dankalin turawa da fai ɗin kabewa, wato gasasshen ɓawon fulawa da aka cika da kabewa mai zaƙi, kamar yadda abokansu ke ci. Akwai mu manya, da ba ma jin mun ci abinci idan babu shinkafa da barkono. Ga kuma surukata, Hajiya, da ta zo mana ziyara daga Kano, wadda likita ya ce ta rage gishiri. Na buga wa kowane gida waya na tambayi abin da wani ba ya ci, a nan ne faccalata da ke St. Paul, birnin da ke maƙwabtaka da mu, ta tuna mini cewa ƙaramin ɗanta ba ya shiri da gyaɗa ko kaɗan. Wannan magana ɗaya ta sauya mini tsari, domin da niyyata in shafe talotalon da yajin tsire, shi kuwa da ƙuli-ƙuli ake haɗa shi. Sai na mayar da yajin cikin kwalba mai murfi a gefen manya, wanda ke so ya barbaɗa a farantinsa, na kuma ajiye man gyaɗa na koma man zaitun da bota a girkin gaba ɗaya.

Minnesota, jihar da Minneapolis take ciki, ta fi kowace jiha a Amurka kiwon talotalo, kantuna kuma kan cika da shi a farashi mai rahusa tun farkon Nuwamba, amma wanda aka yanka bisa shari'a sai an neme shi. Mahautan Somaliyawa da ke birnin suna kawowa, sai dai sun fi so a ba su suna tun da wuri, saboda haka a makon farko na watan na je na yi oda. Abin da na duba a jikin leda shi ne ko an riga an yi masa allurar ruwan gishiri, domin da yawa daga cikin daskararrun da ake sayarwa haka suke, kuma wanda ya ƙara wa irin wannan gishiri mai yawa zai sha mamaki a tebur.

Batun girma ya ɗan ɗauke ni tunani. Lissafin da aka saba shi ne laba 1 zuwa 1 da rabi ga kowane mutum, wato kimanin rabin kilo ko sama da haka, tunda ƙashi yana cikin awon. Bisa wannan lissafi, tsuntsu mai laba 20 ya kamace ni. Ban saya ba. Talotalon da ake kiwo a nan an yi shi ne don ƙirji, farin nama mai yawa wanda yake saurin bushewa, mutanenmu kuwa cinya da fiffike da abin da za a tauna a jikin ƙashi suke nema. Tsuntsu ko ya kai ina, cinya biyu gare shi da fiffike biyu. Don haka na ɗauki matsakaici mai laba 14, kilo 6 da ɗoriya, na ƙara da ledojin cinyoyi da fukafukai daban, waɗanda na tafasa da albasa da citta da tafarnuwa tun ranar Laraba, na soya, na juya su cikin jajjagen attaruhu da tattasai. A duk shawarar da na yanke a wannan girki, ita ce wadda na fi jin daɗinta, domin ta rage wa oben aiki, ta ba yara tsuntsun da suke so su gani a tsakiyar tebur, ta kuma ba manya naman da suke so su ci.

Daga nan sai lissafin kwanaki ya koma baya. Ma'aikatar Noma ta Amurka ta ce daskararren talotalo yana bukatar awa 24 a firji ga kowace laba 4 zuwa 5 kafin ya saki, kuma idan ya saki zai iya ƙara kwana ɗaya ko biyu kafin a dafa. Nawa na bukatar sama da kwana 3, ina kuma so ya kwana da gishiri da kayan ƙamshi a jikinsa, don haka ranar Asabar da dare ya bar firiza ya koma ƙasan firji, cikin tire mai zurfi saboda kada ruwansa ya ɗiga a kan wani abu. Abin da littattafan girki ba sa faɗa sosai shi ne tsuntsun yana cinye kusan rabin firjin har tsawon mako, a daidai lokacin da ake bukatar wurin ajiye kayan miya da madara da ƙwai. Sanyin Minnesota ya taimaka, domin a ƙarshen Nuwamba gareji kan yi sanyin da zai riƙe lemo da zobo da ɗanyen kayan lambu. Nama dai ban yarda ya kwana a can ba, tunda sanyin gareji yana hawa yana sauka, nama kuma yana bukatar digiri 4 na Salshiyas ko ƙasa da haka a tsaye.

Ranar Laraba da safe Hajiya ta same ni ina tsane tsuntsun da takardar goge hannu, ta ce, "'Yar nan, ba za ki wanke shi ba?" Na ce, "Hajiya, masana a nan sun hana, sun ce wankin ba ya kashe ƙwayar cuta, fallatsa ta yake yi a kan kwanuka da tebur, wuta ce kawai ke kashe ta." Ta yi shiru irin na wanda bai gamsu ba. Ban ga laifinta ba, ni ma da wanke nama na tashi. Muka tsaya a kan cewa wuya da ƙundu da hanta da zuciya, waɗanda ake cusowa cikin 'yar leda a cikin tsuntsun, za ta wanke su a roba yadda take so, ni kuma in wanke wurin da sabulu da ruwan zafi bayan ta gama. Da su ta yi romon da muka yi amfani da shi washegari.

Lokacin cin abinci ma sai da na auna shi da salla. A ƙarshen Nuwamba rana tana faɗuwa a Minneapolis jim kaɗan bayan ƙarfe 4 da rabi, kuma ban so a fara ci a katse, don haka na sa zama a tebur ƙarfe 5, bayan Magariba. Talotalo mai laba 14 yana ɗaukar kusan awa 4 a zafin digiri 325 na Farenhait, wato wajen 165 na Salshiyas, sa'an nan ya huta aƙalla minti 20 kafin a yanka domin ruwan jikinsa ya koma cikin naman. Ke nan daga ƙarfe 12 na rana zuwa wajen 4 oben ba nawa ba ne, abin da ya rage mini kuma bai kai awa guda ba. Da wannan lissafi na koma kan jerin abincin, na rubuta a gaban kowanne inda zai dahu da ranar da zai dahu, duk wanda bai sami gurbi ba kuma na soke shi.

Waina ce ta fara fita, duk da maigidana ya roƙa, saboda tana so a tsaya a kan tanda a ci da zafi, ni kuma ba ni da hannun da zan ba ta a ranar. Makaroni da cuku, wanda yara suka nace a kai, faccalata ta ɗauke mini, ta gasa a gidanta ta iso da shi da zafinsa, tunda tsakaninmu bai kai rabin awa a mota ba. Fai ɗin kabewa na gasa ranar Laraba da dare. Dafa-duka da dankalin turawa da romo mai kauri suka raba kan murhu ranar Alhamis. Haɗin burodi da albasa da ganyen ƙamshi, wanda Amurkawa kan cusa a cikin tsuntsun, na zuba shi a tire daban na tura oben a lokacin da talotalo ke hutawa, tare da koren wake. Cusa shi a ciki yana ƙara tsawon gashi, kuma dole tsakiyarsa ta kai zafin da naman ya kai, wanda sau da yawa kafin a kai nan ƙirjin ya riga ya bushe.

Girke-girken wannan rana suna ɓoye abubuwan da Musulmi ba ya ci a wuraren da ba a zato, saboda haka karanta jikin kwali ya zama wani aiki na kansa. Haɗin burodin nan a gidaje da yawa da tsiran alade ake yin sa, ni kuwa niƙaƙƙen naman sa na soya na zuba. Romon da ake kwarara wa nama wasu da giya suke tayar da shi. Ɓawon fai da ake sayarwa a shirye, wasu kamfanoni da kitsen alade suke kwaɓa shi, don haka na kwaɓa nawa da bota. Alewar mashmalo da ake jerawa a kan dankalin Hausa a gasa yawancinta da jelatin na alade ake yi, sai na bar wannan kwano gaba ɗaya, ban kuma ji wanda ya tambaye shi ba. Duk sayayyar nan na kammala ta ranar Litinin, domin ranar Laraba kantuna ba sa shiguwa, ranar Alhamis kuma manya irin su Target da Walmart a rufe suke.

Miyar kiranberi, wato wasu ƙananan jajayen 'ya'yan itace masu tsami, ita ce ta fi komai sauƙi: leda guda mai giram 340, kofin sukari, kofin ruwa, a tafasa kamar minti 10 har 'ya'yan su farfashe. Na ƙara mata citta da ɗan kanumfari, na yi ta tun Talata. Hajiya ta ɗanɗana ta ce ai wannan 'yar'uwar zobo ce, ta kuma ci da nama fiye da yadda na zata.

Da na zo sauke talotalon, ban dogara da launin fata ko agogo ba. Mun saba gane nama ya nuna da ido da yatsa, amma tsuntsu mai wannan kauri zai iya yin ja a waje alhali jikin ƙashin cinya da saura. Ma'aunin zafi na soka a wuri uku, can cikin cinya, da gindin fiffike, da inda ƙirji ya fi kauri, ba tare da ya taɓa ƙashi ba, sai da kowanne ya kai digiri 165 na Farenhait, wato 74 na Salshiyas. Ƙirjin ya riga cinya kaiwa, don haka na rufe shi da takardar foyil a awa ta ƙarshe. Gishirin da na shafa kaɗan ne saboda Hajiya, ƙamshin kuma ya fito ne daga bota da tafarnuwa da masoro da citta da na tura ƙarƙashin fata.

Abin da ya rage a kwanuka bayan an tashi shi ne ya nuna mini gyaran da zan yi idan zagayen ya dawo. Dafa-duka da soyayyun fukafukai ne suka fara ƙarewa, har yaran da suka nemi abincin Amurkawa sun koma kansu. Dankalin turawa da makaroni sun tafi sosai. Rabin ƙirjin talotalon ya rage, koren wake ma haka, fai ɗin kabewa kuwa yara kaɗai suka ci, domin manya sun kasa sabawa da kabewa mai sukari, su da suka san ta a miyar taushe. Nan gaba fai ɗaya ya isa, shinkafar kuma zan ƙara mata rabin abin da na dafa.

Ragowar ma tana cikin tsarin tun farko, shi ya sa na sayi robobi masu murfi tare da kayan miya. Ƙa'idar ita ce dafaffen abinci kada ya wuce awa 2 a waje, saboda haka kafin a kawo shayi na zare naman daga ƙashi, na raba wa kowane gida nasa, namu kuma ya shiga firji a ƙananan robobi don ya yi saurin hucewa. A firji kwana 3 zuwa 4 yake yi, wato zuwa Litinin, abin da ba za mu ci kafin nan ba kuma na sa a firiza a daren. Ƙasusuwan Hajiya ta karɓe su, ta tafasa ranar Juma'a da safe, ta yi mana miyar taushe da ragowar kabewar da ban sa a fai ba, muka ci da tuwon shinkafa.