Katin buɗewa bayan abokinka ya yi tayin shan gaba

A wasan karta na birij, kati ɗaya ne ake jefawa ido a rufe, wato na farko. Mutum huɗu ke zama, biyu-biyu, kowa da kati 13 cikin 52. Sai a yi tayi kamar a gwanjo, ɓangaren da ya fi tayi ya ɗauki alkawarin cin zagaye kaza (a kowane zagaye kowa zai jefa kati ɗaya, wanda katinsa ya fi ya ci), wanda ke hagun mai alkawari kuma ya buɗe wasa. Sai ya jefa sannan abokin mai alkawari zai shimfiɗa katunansa a tebur kowa ya gani. Kafin nan ba ka da madogara sai abin da ke hannunka da abin da kunnenka ya ji wurin tayi.

A ƙungiyar ɗalibai na koyi wasan, ina karatun lissafi a Ingila. Ga mai tunanin caca ce, a gasa ba a sa ko kwabo: rabon kati ɗaya ne ke zagaya tebura, a ga wa ya fi iya juya shi. Harold Vanderbilt ne ya tsara lissafin makin da ya haifi birij na zamani a 1925, har an buga shi a Wasannin Asiya na 2018 a Jakarta.

Abin da ya fi zauna mini a karatun shi ne tayin shan gaba. Abokinka ya ɗauko hannu mara ƙarfi, amma da kati bakwai a gida ɗaya cikin gidajen karta huɗu (sifed, hat, daimon da kulob), mu ce daimon, sai ya yi tsalle ya ce "daimon uku" don ya toshe wa abokan hamayya filin magana. Sau da yawa sukan tsallake shingen su karɓi alkawari, buɗewa ta faɗo kanka. Ana koya wa sabon shiga cewa ya jefa gidan abokinsa kawai. Shawara ce mai kyau, amma wannan tayi abu biyu yake faɗa maka. Na farko, ƙarfina yana daimon. Na biyu, wanda mutane ba sa saurara, ba ni da komai a waje.

A lissafin da ake auna ƙarfin hannu da shi, as 4 ne, sarki 3, sarauniya 2, jak 1, duka karta 40. Idan abokan hamayya suka yi alkawarin zagaye tara ba gidan yanka (wato gidan da katinsa ke cinye na kowane gida), suna da wajen 25. Abokinka yana da kamar 7, kusan duka a daimon. Ragowar 8 ɗin suna hannunka. Ke nan duk lokacin da ɓangarenku zai karɓi wasa, kai ne za ka karɓa. Tambayar da ta rage ita ce: in na karɓa, akwai sauran daimon a hannuna da zan miƙa masa?

Nan ne ƙirga ke aiki. In kana da uku, ku biyu kun riƙe goma, saura uku kacal a wurinsu. Ko mai alkawari yana da as da ƙarami ɗaya, sau ɗaya zai iya kauda kai, ya ci na biyu, na ukunka yana nan yana jira. Jefa daimon ba shakka. In biyu gare ka, sai yadda ta faɗi. Na ga wani rabo da abokin ke da as, sarauniya, jak da ƙanana huɗu, mai alkawari yana da sarki da ƙarami ɗaya. Aka buɗe da daimon, abokin ya danne as ɗinsa ya sa jak, dole sarki ya fito. Da mai buɗewa ya karɓi wasa da as na kulob, ya miƙa daimon ɗinsa na ƙarshe, zagaye shida suka zubo a jere. Da sarkin nan yana da ƙanana biyu, da mai shi ya bar jak ta wuce, ya ci na biyu, hanya ta yanke.

Guda ɗaya tilo kuwa shi ne wurin da nake tsayawa in yi dogon nazari. Ko daimon ɗin abokina sun nuna, hatsi ne a rumbu ba tsani. In ina da gidan kaina mai kyau, kamar sarauniya, jak, goma da ƙanana biyu a sifed, shi nake buɗewa, tunda ƙofofin shiga suna wurina. In babu, in koma wa daimon, don aƙalla ban ba da kyautar zagaye a wani gida ba.

Idan akwai gidan yanka, lissafin juyewa yake. Tilon katin nan ya zama zinariya: abokinka ya ci da as, ya dawo maka da shi ka yanka. Yawan daimon ne ba ya amfani, domin in kana da huɗu, biyu ne suka rage musu, zagaye ɗaya za ku samu in an yi sa'a. Wata dattijuwa da ke koyar da mu ta nuna mana dabara a nan: mai sarki da ƙanana uku ya jefa sarkin kansa, ba ƙarami ba. In ya ci, wasa na hannunsa, ga katunan tebur a shimfiɗe, sai ya zaɓi inda zai karkata da idonsa buɗe. Ka kuma tuna mai kati bakwai a gida ɗaya shida suka rage masa a gida uku, don haka inda kake da tsawo, mai yiwuwa can ne yake gajere.

A duba kujera ma. Wanda ya yi tayin a kujera ta biyu, wato shi ne na biyu da zai yi magana a wurin tayi, yawanci gidansa lafiyayye ne, amma na kujera ta uku, bayan kai ka riga ka wuce ba ka yi tayi ba, yana iya yi da kati shida ko da sarauniya ce kawai babban katinsa a gidan.

In kuma abokan hamayya suka haura zuwa alkawarin zagaye 12 da gidan yanka, sai abokinka mai raunin hannun nan ya ce "dabul", kalmar da a al'ada ke nufin ba za su cika alkawarin ba, ba alfahari yake yi ba. Dabara ce da ke ɗauke da sunan Theodore Lightner, ma'anarta kada ka jefa gidana, akwai gidan da ba ni da ko ɗaya, nemo shi in yanka. Galibi gidan da ya fi tsawo a hannunka ne.