Hanyar Jibiya Lokacin Da Boda Ke Kulle

A watan Disambar 2019 na yi wannan tafiya, ana tsakiyar hunturu, wata huɗu ke nan da gwamnati ta rufe iyakokin ƙasa. Ta'aziyya ce ta kai ni Jibiya. Na kwana a Katsina, da sassafe na shiga wata tsohuwar Golf, mu huɗu a baya, biyu a gaba ban da direba. Kafin mu bar gari direban ya cika tanki maƙil, har yana girgiza motar don man ya zauna. Na tambaye shi dalili, ya ce, "Malam, ai can babu mai." Tun Nuwamba aka hana kai fetur duk gidan man da ke cikin kilomita 20 daga boda, Jibiya kuwa a bakin boda take. Lita naira 145 ce a Katsina, a can kuwa sai wurin 'yan bumburutu, yadda suka ga dama.

A shinge na uku musu ya tashi. Wani mai kaki ya sa aka buɗe but, ya kwance bakin buhun wata dattijuwa da ke kusa da ni, ya ɗebo shinkafa a tafin hannu yana tonawa da yatsa. Sai da ya ga tsakuwa da ƙaiƙayi ya yarda 'yar Hausa ce. Dattijuwar ba ta ce uffan ba, ta ɗaure buhunta da bakin zane.

Da muka tashi, wani Alhaji a gaba, wanda ya ce ya shekara talatin yana fatauci tsakanin Katsina da Maraɗi, ya fara faɗa. A ganinsa ba ruwan gwamnati da abin da mutum zai saya ko ya sayar. Shinkafar Tailan ta biyo ta Kwatano ta zo da araha, talaka ya ci ya ƙoshi, mene ne laifi? Ya ce kakanninmu suna wannan hanya da jakuna da raƙuma tun Bature bai ja layi a takarda ba.

Wani saurayi manomi daga Kura ya ce, "Baba, Allah ya huci zuciyarka, amma ni wannan rufewa ta yi mini rana." A da, in ji shi, sai ya noma, ya kai shanshera kasuwa, a taya ta kamar ana yi masa alfarma. Bana kuwa masu injin casa har bakin gona suke biyo shi. Ya biya bashin taki, ya kai kuɗin aure. Ya ce in aka saki kasuwa sakaka, manomin Kura ba zai taɓa iya gogayya da jirgin ruwa ba.

Na daɗe ina juya maganar yaron, don gaskiya ya faɗa. Ƙasar da ba ta kare manominta ba, a bakin wasu za ta riƙa cin abinci. Amma abin da idona ya gani ya fi tsaya mini a rai. Tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba ta cinye mana kusan biyu, kuma kusan kowane shinge sai direba ya dunƙule hannu ya miƙa. Hukuma ta cika titi fal. Ƙauyukan da muke hangowa ta cikin hazo kuwa, inda 'yan bindiga ke kore shanu suna ɗauke mutane, su ne ke neman hukuma ido rufe. Da na faɗi haka, sai dattijuwar ta yi magana karon farko: "Ɗana, mu da za a tsare mana dare, mu kwana da ido biyu rufe, da mun yafe shinkafar."

Daga nan motar ta yi tsit.

Mun shiga Jibiya da hantsi. Gidajen mai an gitta musu igiya, ƙura ta lulluɓe famfunan, yara na zaune gefen titi da galan-galan. A gidan makokin ana ta jiran babbar 'yar mamacin, wadda ke aure a Ɗan Isa, nan tsallaken boda. Sai bayan la'asar ta iso a kan acaɓa, ta biyo ta daji, goyo a baya, mayafinta duk ƙarangiya. An riga an kai mahaifinta tun safe.