Yadda na ciyar da HP-41 manhaja daga takarda

Kalkuletar HP-41C ta fito a 1979, shekara guda bayan haka kamfanin Hewlett-Packard na Amurka ya yi mata alƙalamin karanta bakod mai lamba 82153A, wanda ke shigar mata da manhajar da aka buga a takarda a matsayin jerin zane-zanen baƙaƙen layuka. Ni a gwanjon intanet na samu nawa, wayarsa ta ɗan bushe amma ba ta karye ba. Ana cusa kan wayar a ɗaya daga cikin ramuka huɗu da ke saman kalkuletar. Ba shi da batirin kansa, na kalkuletar yake sha, saboda haka kafin komai sai da na kankare tsatsar da tsofaffin batura suka bari a mazauninsu.

Bakod ɗin ba irin na kayan kanti ba ne. Zane iri biyu ne kawai, siriri yana nufin 0, mai kauri 1, kuma layi guda ba ya wuce bayit 16 (kowane bayit zane takwas ne). Uku na farko na tantancewa ne da lambar layi, ragowar 13 su ne manhajar. Shi ya sa doguwar manhaja takan cinye shafi biyu ko uku. Mujallar PPC, ƙungiyar masu amfani da kalkuletocin HP wadda Richard Nelson ya kafa a 1974, ta riƙa buga irin waɗannan shafuka, mutum ya huta da danna ɗaruruwan umarni da yatsa.

Aikin duk a hannu yake. Za ka danne maɓallin gefe, ka ɗan karkata alƙalamin, ka fara daga farin wuri kafin zanen farko, ka ja shi ya zarce na ƙarshe. Da fari a hankali nake ja, ina lallaɓawa, sai kalkuletar ta yi ta ƙi. Ashe jan sanyi shi ke sa hannu rawa, faɗin zanen ya rikice mata. Da na sake wuyan hannu na ja da ɗan sauri, kamar mai ja layi a ƙarƙashin rubutu, sai ga ƙara "tit", fuskarta ta nuna lambar layin da take jira. Ko daga dama ka faro tana karɓa. In ka tsallake layi kuwa ba za ta yarda ba, sai ka koma.

Takarda ma da nata. Fotokwafin fotokwafi ba ya yi, domin tawada ta bazu, siririn zane ya yi ƙiba. Bugun firintar leza a farar takarda marar sheƙi ya fi kome karɓuwa a wurina, kuma ina shimfiɗa leda mai haske a kai don kada bakin alƙalamin ya goge zanen.

A ganina wannan alƙalami ya fi na'urar katin maganaɗisu 82104A amana, wato wadda ke karanta wa kalkuletar manhaja daga kati. Robar da ke jan katin takan narke ta zama danƙo bayan shekaru, alƙalami kuwa babu abin da ke juyawa a cikinsa. Yanzu duk manhajar da na rubuta sai na fitar da bakod ɗinta a kwamfuta, na buga, na jera a fayil.