Yankan murya a tsohuwar Roland, aikin kunne ne

Toh jama'a yau maganar injin rikodin zan yi, irin wanda mikisa da wurin ajiyar sauti duk suna cikin akwati ɗaya, yana ɗaukar tirak da yawa, wato layukan sauti daban daban, ya zuba a had dis ɗin da ke cikinsa, babu kwamfuta babu linzami. Nawa Roland VS-880 ne, ƙirar da ta fito a 1996, kuma har yanzun yana aiki a ɗan sitidiyona da ke Tudun Wada duk da yaran da suka taso da manhajojin kwamfuta irin su FL Studio da Cubase in sun shigo kallon kayan tarihi suke masa.

Kafin irin wannan inji ai wahala ake sha. Tsofaffin ma'aikatan rediyo a garin nan za su gaya maka da reza suke yanka tef ɗin faifai su liƙe, in ka yanke ka yanke kenan. Tascam ta fito da Portastudio a 1979 mai tirak 4 a kan kaset, sai ADAT na Alesis a farkon shekarun 1990 mai tirak 8 a kan kaset ɗin bidiyo, duk dai tef ne, sai ka jira ya juya ya koma baya. Shi kuwa mai had dis ko ka yanka ainihin sautin yana nan bai taɓu ba, abin da injin yake canzawa lissafi ne kawai na karanta daga nan ka tsaya a can, shi yasa VS-880 ke barinka ka koma baya da UNDO, madannin warware abin da ka yi, har sau 999. Sannan kowane tirak cikin 8 ɗin yana da wasu 8 a ɓoye ƙarƙashinsa, 64 kenan, mawaƙi sai ya rera baiti ɗaya sau da yawa ka ajiye kowanne daban, daga baya ka tsinci layi mai kyau a nan, wani a can, ka haɗa su a tirak guda.

Amma fa sikirin ɗinsa ɗan ƙarami ne sosai, ba za ka zauna kana kallon zanen sauti shimfiɗe a gabanka kamar a kwamfuta ba, kuma ni a ganina nan ne alherinsa yake. Dole ka saurara. Zaka danna SCRUB injin ya riƙa maimaita ɗan guntun sautin da kake kai, kai kuma kana murza wilin da ke jikin injin a hankali gaba da baya da hedifon a kunne, kana jin trrrr trrrr har ka zo daidai inda murya ta fara fita, ka sa maka, wato alamar wurin. Akwai kuma madannan da ke jiyar da kai abin da ke gab da wurin da abin da ke bayansa, in ka ji wutsiyar kalma ta saura sai ka ƙara murzawa kaɗan. Yaran yanzu da ido suke editin, in zanen ya yi kyau shikenan, sai waƙa ta fita ka ji mawaƙi kamar baya numfashi.

Ga wani abu da na lura da shi a murya ta Hausa. Wuri mafi daɗin yanka shine gab da baƙaƙe irin su ƙ da k da t, saboda kafin su fashe baki yana rufe iska na ɗan lokaci, akwai ɗan shiru a wurin, in ka sa wuƙarka nan babu mai ganewa. Amma ka kuskura ka yanka a tsakiyar dogon wasali, irin inda mai bege ke jan "Rasuuuulu", sai ka ji ƙas a sifika, don igiyar sautin ta karye a tsakiya. Numfashi kuma ka bar shi, ko ka rage masa ƙarfi kawai. In ka haɗo layi daga wani ɗauka daban to ka ɗauko shi tare da numfashin da ke gabansa, kar ka bar na tsohon.

Inda sababbin hannu suka fi faɗawa rami shine bambancin CUT da ERASE. Na biyun yana goge wurin ya bar shi fili, komai yana inda yake. Na farkon kuwa yana cire wurin ya janyo abin da ke baya ya cike gurbin, kamar ka fitar da mutum ɗaya daga layi kowa ya matso. Ranar nan wani mawaƙin biki ya yi tari a tsakanin baiti biyu, yaron da ke koyon aiki a wurina ya sa CUT a tirak ɗin murya kaɗai, muna kunnawa sai murya ta riga kalangu da kusan rabin daƙiƙa har ƙarshen waƙar. Dattijon da ya yi kiɗan yana zaune a kujera ko ɗagowa bai yi ba yace, "Yaro, wannan ba kiɗana bane, ka mayar mini da shi." Yaron ya juyo yace, "Oga wallahi tarin kawai na cire." Nace to danna UNDO, ka bawa Baba haƙuri, ka sake da ERASE. In dai zaka yi CUT to ka yi shi a duk tirak ɗin lokaci ɗaya, misali kana son rage amshi guda don waƙar ta yi tsawo.

Kuma kiɗan gargajiya baya bin ma'aunin inji, mai kalangu yana ɗan ƙara sauri in waƙa ta yi zafi ya sassauta in za a shiga kirari, saboda haka ka manta da lissafin bugun kiɗa da injin ke nunawa, ka bi bugun da kunne kana sa maka a kan kowane farkon zagaye. Amshin da 'yan amshi suka yi a farkon waƙa ba lallai ya zauna a ƙarshe ba in ka kwafe shi, sau da yawa gara su sake yi. Haka in an ɗauki kowa a ɗaki ɗaya, kalangu ya riga ya shiga makirfon mawaƙi, kana matsar da muryar ka matsar da inuwar kiɗan tare da ita, sai ka ji bugu biyu biyu.

Ni kullum kafin a tashi nakan ce kowa yayi shiru in ɗauki sautin ɗakin haka nan na ɗan lokaci. Ɗakunanmu ba shiru gare su na gaske ba, ga gurnanin janareto daga nesa ga Keke Napep a titi, in ka goge wuri ya zama shiru tsit kunne yana ganewa nan take, sai ka cike da wannan.

Maganar wuri kuma, sautin da ba a matse ba, mai ingancin faifan CD, yana cin kusan megabait 5 a minti ɗaya kowane tirak, tirak 8 na waƙar minti 6 ka ga an doshi 250, ban da ɗaukan da ka jibge a ƙasa. Duk abin da ka goge yana nan yana cin wuri sai ka yi masa OPTIMIZE, wato ka share shi gaba ɗaya, kuma da zarar ka yi haka babu sauran UNDO, don haka kar ka yi sai mai waƙa ya ji ya amince. Ka riƙa yin sabin, wato adana aikin, akai akai, ka haɗa injin da UPS mai riƙe wuta, saboda in aka ɗauke wuta yana cikin rubutu aikin yini zai iya tafiya, kuma kar ka kashe shi daga soket, yana da hanyar rufewa tasa. Lokacin hunturu a lulluɓe shi saboda ƙura tana shiga fedojin, madannan ƙara sauti da rage shi, su fara ƙara. Had dis ɗinsa irin na tsofaffin laftof ne, IDE, samunsa yanzu sai an tona a wurin masu gyaran kwamfuta, in ka gani ka saya ka ajiye.

Gyaran muryar da ta kauce wa sauti dai kwamfuta ta fi shi nesa ba kusa ba, haka ma fitar da waƙa. In na gama haɗawa sai na jona shi da laftof na kunna waƙar tun daga farko har ƙarshe ta shiga, sannan in mayar da ita MP3 in tura wa mai ita ta WhatsApp.