Inda aka kwana a jera lambobin rajista da Python

'Yan'uwa masu koyo, aikin wannan makon shi ne jera lambobi masu siffar KN-2023-9, wato jiha, shekara, sai lambar mutum. Ana son jiha ta bi haruffa, sabuwar shekara ta zo a sama, lamba kuma ta tashi daga ƙarama.

Idan aka ba sorted() jerin haka tsurarsa, KN-2023-10 za ta riga KN-2023-9. Dalili kuwa rubutu Python ke gani, harafi-harafi yake gwadawa. Da ya ga 1 ta riga 9 ya gama hukunci, ko kallon sifilin bai yi ba.

Maganin shi ne a farfasa kowace lamba, a mayar da abin lissafi lissafi:

def mabudi(s):
    jiha, shekara, lamba = s.strip().split("-")
    return jiha.lower(), -int(shekara), int(lamba)

jeri.sort(key=mabudi)

Python zai fara da jiha, sai an yi kunnen doki ya duba shekara, sannan lamba. Alamar ragin da ke gaban shekara ita ke juya ta, 2023 ta hau kan 2021. Kada a manta da lower(), mai mayar da haruffa ƙanana, domin Python da lambar kowane harafi yake gwadawa: babban Z lambarsa 90, ƙaramin a kuma 97, sai Z ya riga a.

A nan saurin yake. Sau ɗaya tak ake kiran mabudi a kan kowane layi: layi 10,000, farfasawa 10,000. Wanda ya bi ta cmp_to_key, hanyar jerawa ta kwatanta layi biyu-biyu, yana farfasawa a cikin kwatancen, in jerin a hargitse yake, zai yi kwatance sama da 100,000, kowanne da farfasa layi biyu. A ganina wahalar banza ce.

Alamar ragi ba ta aiki a kan rubutu. In jiha ake so a juye, a jera sau biyu: da farko bisa shekara da lamba, daga baya bisa jiha kaɗai da reverse=True. Wannan na yiwuwa ne saboda Timsort, dabarar jerawa da Tim Peters ya rubuta wa Python a 2002, ba ta taɓa tsarin abubuwan da suka yi daidai da juna.

Layi guda mara kyau, kamar KN-2023 ko KN-2023-9A, ya isa ya kayar da aikin da saƙon kuskure na ValueError. A tace irinsu gefe tukuna.

Sai tarkon da ya shafe mu kai tsaye, idan akwai sunan unguwa a cikin lambar. Harafin z lambarsa 122, ƙ 409, ɓ 595, ɗ 599. Ke nan Ƙofar Mata za ta faɗa ƙasan Zage, ƙ ma ta riga ɓ. A cikin mabudi, bayan lower(), a musanya ɓ da b~, ɗ da d~, ƙ da k~. Alamar ~ lambarta 126, saboda haka ƙ za ta zauna bayan duk kalmomin k, kafin a shiga l.