Kifi ɗaya tak na ƙi killacewa

Har yau, idan dare ya yi, sai na ɗauki tocila na tsaya gaban tankin kifayen teku da nake kiwo a gida ina haska jikin kifayen ɗaya bayan ɗaya, ina neman farin ɗigo, alamar cutar da ta taɓa kashe min kifaye. An shekara ban ga ko ɗaya ba, amma zuciyata ta ƙi yarda.

Abin da ke ƙona min rai shi ne, duk abin da aka ce yana da wuya na yi shi. Tankin lita 200 na kafa. Ban taɓa zuba masa ruwan famfo ba, tataccen ruwa nake haɗawa da gishirin teku har ma'auni na yawan gishirin ya tsaya a 1.025, zafi kuma digiri 25. Na jera duwatsu, na shimfiɗa yashi, na zauna mako shida ina kallon ruwa ba kifi, ina gwajin sinadaran da ke nuna ko ruwan ya isa a saka kifi: amoniya ta hau ta sauka, naitirait ta biyo bayanta ta sauka, naitiret ta bayyana. Sai a lokacin na saka kifaye biyu masu ruwan lemo da ratsin fari uku, waɗanda masana ke kira Amphiprion ocellaris, daga baya na ƙara wani ɗan kifi da ake kira gobi da jatan lande da 'yan katantanwa. Wata uku lafiya lau. Har na fara ba wasu shawara, ka ji ƙarfin hali.

Sai na ga wani shuɗin kifi da ake kira tang a wurin mai sayar da kifi. Ɗan ƙarami, bai kai tafin hannu ba, wutsiyarsa rawaya. Na san tankina ya yi wa irinsa kaɗan idan ya girma, na kuma san an ce a killace kowane sabon kifi a wani tanki dabam tukuna. Amma ga shi yana cin abinci a gabana, jikinsa sumul. Na ce wa kaina, mai cuta ai ba ya ci haka. A ranar na sake shi cikin babban tanki.

Bayan kwana biyar na ga ɗigo huɗu ko biyar a fiffikensa, kamar an barbaɗa masa gishiri, yana ta goga jikinsa da dutse. Na tsorata. Bayan 'yan kwanaki ɗigon suka ɓace ƙaf, na yi ajiyar zuciya na ce ya warke da kansa.

To a nan aka ci ni da yaƙi. Wannan cuta, Cryptocaryon irritans, ɓacewar ɗigonta ba warkewa ba ce. Ƙwayar takan yi kwana uku zuwa bakwai tana ci a jikin kifi, sannan ta faɗo ta manne a dutse ko yashi, ta rufe kanta, ta yi ta rarrabuwa a ciki. Idan ta fashe, 'ya'ya ne masu yawa ke fitowa suna neman kifi. A teku sai su watse, yawancinsu su mutu ba su samu kowa ba. A cikin akwatin gilashi kuwa, ina kifin zai gudu? Ranar da nake murna, ita ce ranar da cutar ta bi ta cika yashina.

Zagaye na biyu ya kama kowa. Da safe na tarar da tang ɗin a kwance bayan dutse, launinsa ya koɗe, yana numfashi da sauri da sauri. Ya mutu kafin yamma. Gobi ya bi shi. Ƙaramin cikin masu ruwan lemon nan, wanda ke zuwa ya tsinci abinci a yatsana, shi ne na uku, kuma shi ya fi yi min ciwo. Wake ɗaya ke ɓata gari, ni kuma da hannuna na jefa shi.

A tsakani na ɓata mako guda kan shawarwarin banza. Wani ya ce in jiƙa abincinsu da tafarnuwa, wani ya ce in ƙara zafin ruwa. Ƙarin zafin ma iskar da ke cikin ruwan ya rage wa kifin da dama numfashi ke yi masa wuya. Maganin da ya yi aiki shi ne mai sinadarin jan ƙarfe, amma ba a zuba shi a babban tanki: yana kashe jatan lande da katantanwa, duwatsu kuma su shanye shi. Dole dai in sayi tankin killacewar nan da na yi wa rowa. Lita 60, ba yashi ba dutse, sai hita da matatar soso da guntayen bututun roba na ɓuya. Kafin in kama kifi ɗayan da ya rage sai da na kwashe duwatsun nan kaf, falo ya jiƙe sharkaf. Sannan kullum gwajin yawan magani, domin in ya yi ƙasa bai kashe cutar ba, in ya wuce kima ya kashe kifin. Ga amoniya tana ta hawa saboda tankin sabo ne, ni kuwa ina ta canjin ruwa.

Babban tankin kuma kwana 76 na bar shi babu kifi ko ɗaya, don a samu duk ƙwayar da ta ƙyanƙyashe ta rasa mai masauki ta mutu. Ni da na ga wata guda na killacewa ya yi min tsawo, sai ga ni na share wata biyu da rabi ina ciyar da katantanwa.

Wanda zai fara, ni dai abin da zan ce masa: ya sayi tanki biyu a rana ɗaya, kada ya ce sai daga baya, don daga bayan ba ta zuwa. Raga da bokitin kowane tanki su zama dabam, ruwan jakar da aka kawo kifi a ciki kada ya shiga tankinsa. Sauran abubuwa, irin su cike gurbin ruwan da ya ƙafe da ruwa marar gishiri tunda gishirin bai tafi ko'ina ba, ko canza kashi 10 cikin ɗari duk mako, hannu zai saba da su da wuri. Killacewa ce ake gani kamar wahala ce ta banza, saboda sau da yawa kifin kan fito lafiya.

Wadda ta tsira tana nan, ta yi ƙiba. Na ce "ta" domin a irin masu ruwan lemon nan wanda ya fi girma shi ke rikiɗa ya zama mace, shi ya sa na samo mata ɗan ƙarami, kada su yi faɗa. Yana can cikin ƙaramin tanki, yau kwanansa 19, yana ci, jikinsa sumul kamar yadda na tang ya kasance. Saura kwana 11, kuma ko awa ɗaya ba zan rage masa ba.